Wa Ke Yanke Abin da Ke Shiga Tukunyarmu? Lacca ga Al'ummar Mai'adua



Duk ranar Lahadi kasuwar Mai'adua takan cika da shanu, gero, wake da gyaɗa, wasu daga gonakinmu, wasu sun ƙetaro ta Kongolam daga ƙasar Damagaram. Duk da haka, a ƙauyukan da ke cin kasuwar nan ana kai yara asibiti saboda tamowa. Talauci na da hannu, babu musu. Amma al'ada ce ke faɗin wane abinci ne na mutunci, kuma wa za a zuba wa.

Yau idan baƙo ya sauka, uwargida kan ji nauyin ajiye masa tuwon gero da miyar kuka. Sai shinkafa da taliya da lemon kwalba. Alhali gero ya fi farar shinkafa sinadarin ƙarfe mai ƙara jini, fura da nono kuma sun fi riƙe manomi. Ba mu kaɗai abin ya sama ba. A Senegal, Turawan Faransa ne suka riƙa shigo da ɓarzajjiyar shinkafa daga Indocina har ta ture gero a birane. Indiya ta farga: ita ta kai ƙudurin da ya sa Majalisar Ɗinkin Duniya ta ayyana 2023 shekarar gero. Abin da muke ɓoyewa, wasu na tallarsa.

Haka daddawa. Dunƙulen ɗanɗano ya kore ta daga miya, shi kuwa akasarinsa gishiri ne. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce kada babba ya kai giram 5 na gishiri a rana, ga hawan jini ya shiga gida-gida.

Abin da ya fi ci mini rai shi ne rabo. Maigida ya tsaya wurin mai tsire ya ci nama, ko ya sa mai shayi ya soya masa ƙwai, a gida kuwa yaron da aka yaye ba shi da komai sai tsinkakken koko. A hana shi ƙwai wai zai yi sata. A matse dakashi a zubar wai ƙazanta ce, alhali shi ne rigakafin farko na jariri. Ku tuna yunwar Nijar ta 2005: abincin leda da ya ceci dubban yara a Maraɗi, gyaɗa ce da madara da mai da sukari. Gyaɗar nan muna nomanta.

Saboda haka roƙona gare ku magidanta: kuɗin tsiren ranar kasuwa a kai su gida. Iyaye mata, a sa garin gyaɗa ko na wake a kokon yaro, a ba jariri nono zalla wata 6. Malamai kuma, ku faɗi wannan a kan mumbari, don maganarku ake ji.