Ƙaramin jirgi a kan tsaunuka

A watan Maris na 2008 wani ƙaramin jirgi ya tashi daga Legas zuwa Obudu, kusa da iyakar Kamaru, da mutum uku a ciki. Ya ɓace a tsaunuka. Sai bayan fiye da wata biyar mafarauta suka ga tarkacensa.

Me ya sa tsauni ke da wuya? Can sama iska ba ta da kauri, inji yakan rage ƙarfi, fuka-fuki ba sa ɗaukar nauyi kamar a ƙasa. Ga hazo da gajimare suna rufe dutse, direba bai gani ba sai ya iso kansa.

To, ɗan kasuwa, in an ce a auna kayanka, kar ka ɓoye ko kilo ɗaya. In direba ya ce yau ba tashi, kar ka matsa masa. Kasuwa tana nan gobe.

Ku kuma makiyaya, ku ne idon daji. In kun ji ƙara mai ƙarfi ko kun hango hayaƙi a kan dutse, ku lura da wurin, ku sanar da Arɗo ko jami'an tsaro nan take. Kar a kunna wuta kusa, akwai mai. Allah ya tsare mu.