Shugabancin Aikin Taimako: Misalin Nana Asma'u 'Yar Shehu

Da sunan Allah, Mai rahama, Mai jinƙai.  Ina roƙon manyana su yi mini aron kunne kaɗan, ko da ya ke ni malamin kotu ne, aikina rubuta abin da waɗansu suka faɗa.

Abin da ya sa na zaɓi wannan magana shi ne halin da ƙasarmu ta shiga. Kowa a nan Tsaskiya ya san abin da 'yan fashin dajin Rugu suka yi wa ƙasar Safana da ƙasar Ruma, musamman tun daga shekarar 2019. Garuruwa sun watse, mutane sun yi gudun hijira zuwa Batsari da Dutsin-Ma da Katsina, an bar mata da marayu. Takardun rabon gado da ke biyowa ta hannunmu sun isa shaida. Sau da yawa abin da za a raba bai kai ciyar da yaran wata guda ba. To, alƙali yana iya raba gado, amma ba ya iya renon maraya. Wannan sai jama'a, jama'a kuwa sai da shugaba.

Ba sai mun tafi nesa neman misali ba. An haifi Nana Asma'u, 'yar Shehu Usmanu ɗan Fodiyo, a Degel a 1793. Tana yarinya aka yi hijira zuwa Gudu a 1804, ta ga yunwa da yaƙi da idonta. Ta auri Giɗaɗo ɗan Laima, Wazirin Sarkin Musulmi Muhammadu Bello. Ta yi rubutu da Larabci da Fulatanci da Hausa. Amma abin da na ke so mu duba shi ne ƙungiyar da ta kafa, wadda a ke kira 'Yan Taru, ta kuma shugabance ta har rasuwarta a 1864.

Ga yadda ta shirya abin. Ta ga matan ƙauye ba su da hanyar zuwa makaranta, ita kuma ba ta iya zagaya ƙasa duka. Sai ta riƙa zaɓen dattijuwa mai mutunci daga cikin mutanen kowane gari, ta naɗa ta jaji, ta ba ta malafa, a ɗaura mata jan ƙyalle bisa. Jaji ita ke jagorancin tsofaffi da 'yan mata zuwa wurin Nana, matan aure kuwa suna gida suna jiran abin da za a kawo musu. Su zo da sadakar hatsi da zuma da tufa, Nana ta raba wa mabukata. Su koma da karatu cikin waƙoƙin da suka haddace, su koya wa na gida. Ban da karatu, su ne masu duba marasa lafiya, masu wankan gawar mata, masu sulhunta rigima.

Akwai abu uku da na ke so mu ɗauka daga nan.

Na farko, ba ta aika baƙo ya shugabanci mutanen da bai sani ba. Jaji 'yar gari ce, ta san gidan da aka kwana ba a ɗora tukunya ba, wanda kunya ba ta barin mai shi ya faɗa.

Na biyu, abin da ya shigo fita ya ke yi. Ita 'yar Shehu ce, matar Waziri, ba ta nemi arziki da sadakar talakawa ba. Yau idan an kafa ƙungiya, lalle a sami littafi, a rubuta abin da ya shigo da abin da ya fita, a karanta gaban jama'a. Mu ma'aikata mun san wannan tun daga ka'idar Baitulmali: kuɗin da ba shi da rasit, ko ba a ci ba, zargi ya ci mai riƙonsa.

Na uku, ta yi aikin da ba zai mutu da mutuwarta ba. Da ta rasu, ƙanwarta Maryamu ta ci gaba da karɓar jajis a Wurno, aikin ya wuce zamanin zuwan Turawa a 1903. Ƙungiyar mata Musulmi ta Nijeriya, watau FOMWAN, wadda aka kafa a Minna a 1985, da wannan misali ta ke alfahari. Ƙungiya nawa muka gani ta tashi da kiɗa da algaita, shugaba na kwanta dama ta watse, zama bai koya wa kowa riƙon ta ba?

Saura abin da ya hau kanmu. Nana ta sami goyon bayan ɗan'uwanta Bello da mijinta Giɗaɗo, shi ya sa jajis suka yi tafiya cikin aminci da daraja. Haka ya kamata hakimi da dagaci su zama inuwa ga masu wannan aiki. A ba su wurin taro, a shaida musu gaskiyar yawan marayun kowace unguwa, kada a cusa musu ɗan'uwa cikin masu karɓa, kada kuma a mai da su 'yan amshin wani mai neman mulki. Saurayi ko budurwar da suka ba da ransu ga wannan hidima, a girmama su kamar yadda a ke girmama mai albashi. Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka.

Allah ya jiƙan Nana Asma'u da ma'aikatan En'e da suka riga mu, ya mayar da waɗanda suka bar gidajensu lafiya, ya zaunar da ƙasarmu. Amin. Haza wassalamu.