Tsofaffin Kwamfutoci da Kayan Lantarki: Ribarsu, Gubarsu da Haƙƙinmu

Jawabin Sakataren Ƙungiya a taron magidanta Hausawa mazauna Legas

 

Abin da ya tara mu a yau magana ce da ta shafi abincin gidaje da yawa a cikinmu. Duk wanda ya san Alaba, ko kasuwar kwamfuta ta Ikeja, ko bolar Olusosun da ke Ojota, ko kasuwar ƙarafa ta Owode Onirin, ya san yaranmu ne ke tura kura suna sayen matacciyar kwamfuta, da talbijin, da firji, da wayar hannu. Sana'a ce ta halal, da ita ake biyan haya, da ita ake aika kuɗi gida. Ba mu zo mu hana kowa ba. Mun zo ne mu duba yadda za a ci ribarta ba tare da an sayar da lafiya ko an kwana a ofishin 'yan sanda ba.

Da farko, daga ina kayan nan suke zuwa? Akasarinsu tokumbo ne daga Turai da Amurka. A 2005 wata ƙungiyar Amurka mai suna Basel Action Network ta ba da rahoton cewa kwantena kusan 500 na tsofaffin kayan lantarki ke sauka Legas kowane wata, kuma mafi yawansu ba su gyaruwa. Wani binciken da jami'ar Majalisar Ɗinkin Duniya ta yi a tashoshin ruwan Legas a 2015 da 2016 ya gano ana shigo da kimanin tan 60,000 a shekara, kusan kashi ɗaya cikin huɗu matattu ne, kuma yawancinsu a cikin motocin tokumbo ake cusa su. Wato wasu ƙasashe suna guje wa kuɗin sarrafa shararsu, su turo mana ita da sunan gwanjo.

Wannan ba sabon abu ba ne. A 1988 aka gano dubban gangunan shara mai guba da aka kawo daga Italiya aka jibge a garin Koko, wanda yanzu yake jihar Delta. Saboda haka ne gwamnatin soja ta kafa Doka ta 42 ta 1988 wadda ta haramta shigo da shara mai cutarwa. Nijeriya tana cikin Yarjejeniyar Basel ta 1989. A 2007 aka kafa hukumar NESREA, a 2011 kuma ta fitar da dokar kayan lantarki, wadda ta yarda a shigo da tsohon kaya mai aiki amma ta hana shigo da matacce. Dokar ta kuma ɗora wa kamfanonin da ke ƙera kaya ko shigo da su nauyin kula da su bayan sun mutu. Don haka ne aka kafa ƙungiyar EPRON a 2018.

Na biyu, me ke cikin kayan? Akwai jan ƙarfe, da alminiyon, da ɗan zinari a jikin allon ciki. Amma akwai guba. Gilashin tsohuwar talbijin mai ƙeya yana ɗauke da dalma fiye da kilo ɗaya. Batirin mota da na inbata cike suke da dalma da ruwan batir. Siraran fitilun da ke bayan gilashin wasu kwamfutocin suna da zaiba. Idan aka cinna wa waya wuta don a fitar da jan ƙarfe, robar jikinta tana fitar da baƙin hayaƙi mai lalata huhu, kuma tokarsa tana shiga ƙasa da rijiya.

Mu ba baƙi ba ne ga sharrin dalma. A 2010 yara fiye da 400 suka rasu a ƙauyukan Anka da Bukkuyum a jihar Zamfara, saboda ana niƙa dutsen zinari mai dalma a cikin gidaje. Dalmar da ke cikin batir ita ce dai wannan dalmar. Ba ta da wari, ba ta nuna alama da wuri. Tana daƙushe ƙwaƙwalwar yaro, tana jawo ɓari ga mai ciki, tana taɓa ƙoda. Magidanci zai iya kai ta gida a jikin rigarsa bai sani ba.

To, me ya kamata mu yi?

1. Gyara ya fi fasawa. Kwamfutar da ke tashi ta fi ƙarafan cikinta tsada nesa ba kusa ba. A kai wa mai gyara ya gwada kafin a ɗora mata guduma. Wadda ta gyaru a sayar, ko a ba makarantun unguwa da ajin yaƙi da jahilci.

2. A daina ƙona waya. A feɗe ta da wuƙa ko da injin feɗe waya. Jan ƙarfen da bai sha wuta ba ya fi daraja wurin dillali. Mutum biyar za su iya haɗa kuɗi su sayi injin ɗaya.

3. Kada a fasa batir ko gilashin talbijin a tsakar gida, kuma kada a zubar da ruwan batir a kwata. A kai su ga kamfanonin da hukuma ta yi wa rajista, irin su Hinckley da ke Ojota.

4. A sa safar hannu da takalmi rufaffe. A wanke hannu da sabulu kafin cin abinci. Kayan aiki su tsaya wurin aiki. Yara da mata masu ciki su nisanci wurin gaba ɗaya.

5. Iyaye mata, kafin ku sayar da tsohuwar waya, a cire layi da katin ajiya, a goge komai. Layin nan yana haɗe da lambar NIN da asusun banki. Idan ya faɗa hannun mugu ya yi ɓarna da shi, mai sunan za a nema.

Na uku, maganar haƙƙi. Tsarin Mulki na 1999, sashe na 41, ya ba kowane ɗan Nijeriya damar zama a duk inda ya so, sashe na 42 kuma ya hana a nuna masa bambanci saboda ƙabila ko asali. Sashe na 35 ya ce wanda aka kama a kai shi kotu cikin kwana ɗaya idan akwai kotu kusa, ko kwana biyu. Beli a ofishin 'yan sanda kyauta ne. Duk wanda aka kama masa yaro ya sanar da ofishin ƙungiya a ranar, kada ya sa hannu a takardar da ba a karanta masa ba.

Amma haƙƙi yana tafiya da nauyi. Sayen kayan sata da saninsa laifi ne a doka, kuma ɗaurinsa na shekaru ne. Wayar wutar lantarki, da murfin kwalbati, da kayan taransifoma ba kayan bola ba ne. Wake ɗaya ke ɓata gari: yaro ɗaya ya sayi irin wannan, sai a ce duk Hausawa ɓarayi ne. Mu tuna a 2018 gwamnatin Legas ta taɓa hana masu tura kurar shara a tituna. A Ghana kuma, a 2021 aka rushe kasuwar gwangwan ta Agbogbloshie da ke Accra, dubban mutane suka rasa wurin sana'a. Hayaƙi da zargin sata su ne hujjar da ake kafawa a duk lokacin da za a tashi mutane.

Saboda haka muna ba da shawara kowane dillali ya ajiye littafi, ya rubuta ranar saye, da irin kayan, da sunan mai sayarwa, ya kuma karɓi rasit. Wanda bai iya rubutu ba, ajinmu na dare a buɗe yake. Muna kuma roƙon shugabannin 'yan gwangwan su kawo sunayen yaransu don a yi musu katin shaida, mu tafi da murya ɗaya wurin hukumomin muhalli na jiha mu nemi wurin aiki na dindindin.

 Allah Ya ba mu lafiya da zama lafiya.