Ciwon Lufus Da Kula Da Ƙafa

Yau za mu yi magana a kan wata cuta wadda likitoci ke kira lufus. Ku kasa kunne, ku kai labari gida, domin mata ta fi kamawa. Cikin mutum 10 masu ita, wajen 9 mata ne, yawancinsu daga shekara 15 zuwa 45.

Allah ya sa wa jikinmu dakaru a cikin jini, su ke yaƙi da cuta. To, a ciwon lufus dakarun nan su kan rikice, su juya su faɗa wa jikin da su ke tsaro. Ba sammu ba ne, ba iska ba ce, ba kuwa hannun kishiya. Ba a ɗaukarta wajen cin tuwo a ƙwarya ɗaya. Saboda haka kada a ƙyamaci mai ita, kada miji ya ce ragwanci ne.

Alamunta su ne gajiya, da zazzaɓi mai tafiya yana dawowa, da ciwon gaɓoɓi, da zubewar gashi, da ƙuraje a kumatu da karan hanci waɗanda rana ke tayarwa. A ƙafa kuwa abu uku mu ke so ku lura da su.

Na fari, sanyi. Mu mutanen Doguwa da Tudun Wada mun san hunturun dajin Falgore. Idan sanyi ya bugi mai lufus, jijiyoyin jini na yatsu su kan tsuke. Yatsu su koɗe, su dushe, su mutu kamar ba nata ba. Ta sa safa, ta wanke ƙafa da ruwa mai ɗumi. Kada ta miƙa ƙafa ga kaskon wuta, gama tana iya ƙonewa ba ta ji ba.

Na biyu, miki. Magungunan da ke kwantar da dakarun nan su kan sa rauni ya daɗe bai warke ba. Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga. Faso ko sukar ƙaya su ne tsagar bangon, daga nan gyambo ke farawa. Kowane dare ta duba tafin ƙafa da tsakanin yatsu, ta tsane su sarai, ta shafa man kaɗanya a diddige. Kada ta fita ba takalmi, ko zuwa rijiya ne, ko gonar shinkafa, ko bakin ruwan Tiga. Kada a yanke kaushi da reza. Kada a yi sakiya ko tsaga.

Na uku, kumburi, shi ne kuwa mafi haɗari. In kun danna ƙafa da yatsa ya bar rami, fitsari kuma yana kumfa, fuska ta kumbura da safe, watakila cutar ta taɓa ƙoda. Wannan ba na wanzami ba ne. A tafi asibiti ran nan.

Ku fara da asibitin da ke kusa, a Bebeji ko Kiru ko Tudun Wada ko Doguwa. In abin ya fi ƙarfinsu, za su ba ku takarda zuwa Asibitin Koyarwa na Aminu Kano, wanda aka kafa a 1988. Can a ke awon jini da fitsari a gane cutar sosai.

Har yanzu ba a sami maganin da ke raba mutum da lufus ɗungum ba, amma akwai masu kwantar da ita, mace ta yi sana'arta, ta reni 'ya'yanta. Ɗaya daga cikinsu ɗan'uwan kulorakwin ne na zazzaɓin cizon sauro. Mai shansa a riƙa duba mata ido. Kada ta bar magani don ta ji sauƙi, sai likita ya ce. Kada ta sayi ƙwayar ciwon jiki a kasuwa, gama waɗansu su kan ɓata ƙoda. In tana son haihuwa, ita da maigida su shawarci likita tukuna.

Ga amfanin karatunku. Ku sami ɗan littafi, ku rubuta ranar da ƙafa ta kumbura, da sunan magani, da ranar komawa asibiti. Wanda ya iya karatu ya karanta wa maƙwabcinsa.

Allah ya ba marasa lafiya sauƙi, amin.