Kalmomi 12 da Ke Riƙe da Dukiya

A Gaya, inda ake canjin naira da sefa tsakanin Malanville da Kamba, duk ɗan kasuwar da ya zuba kuɗinsa a asusun kirifto da yake riƙe makullinsa da kansa ya rataya su ne a kan kalmomin sirri 12 ko 24. Wanda ya gan su ya kwashe kuɗin. Wanda ya ɓatar da su kuwa, babu bankin da zai kai wa kuka.

Misali, a 2013, faifan kwamfutar James Howells na Birtaniya ya tafi juji da makullin Bitcoin kusan 8,000.

Babban ganganci shi ne ɗaukar hoton kalmomin a wayar da gobe za a miƙa wa mai gyara. Jama'a, a rubuta su a takarda, a adana a wuri biyu, kada a tura wa kowa ta WhatsApp.