JINI NE KE FARA BA DA LABARI
Jawabi Ga Waɗanda Aka Yi Wa Dashen Zuciya Ko Na Ƙoda

Wannan jawabi na mutanen Tudun Wadar Zariya ne da kewaye waɗanda aka yi wa dashe, da masu jinyarsu. Tun 2002 ake dashen ƙoda a Asibitin Koyarwa na Malam Aminu Kano, wasu kuma ƙasar waje suka je. To, bayan aiki akwai sauran aiki.

A cikin jinin kowa akwai dakaru masu yaƙi da baƙon abu. In an dasa wa mutum zuciyar wani ko ƙodarsa, dakarun nan ba su san taimako aka yi ba, sai su far mata. Shi ne ake cewa jiki ya ƙi dashe. Saboda haka ake ba ku magani kullum, kamar takrolimus, don ya kwantar da su.

Maganin nan sai da awo. In ya yi kaɗan, jiki ya ƙi dashen. In ya yi yawa, garkuwar jiki ta karye. Mutumin da aka fara yi wa dashen zuciya, a Afirka ta Kudu cikin 1967, kwana 18 ya yi. Ciwon huhu ne ya zama ajalinsa, domin magani ya raunana masa garkuwa.

Abin lura, ƙin dashe sau da yawa ba ya yin sallama. Mutum na cin tuwonsa, yana zuwa kasuwa, ɓarna kuwa ta soma. Jini ne ke fara nunawa. Ga abin da likita ke nema:

1. Yawan maganin da ke cikin jini.
2. Kiratinin, wato dattin da ƙoda ke tacewa. In ya hau, ƙoda ta soma gajiya.
3. Sinadaran yaƙi da jiki ya haɗa musamman don dashen.
4. Ɓurɓushin ƙwayoyin halitta na wanda ya ba da zuciyar. In ta ji rauni, sukan ƙaru cikin jini. Wannan gwaji ya rage yawan tsinko naman zuciya ta jijiyar wuya, amma in ya nuna matsala, likita kan nemi a tsinko don a tabbatar.

KU KIYAYE:

Kada ku tsallake ranar gwaji, ko da kuna jin garau.
Ranar awon magani, a ɗebi jini tukuna, sa'an nan ku sha na safe.
Kada ku daina magani don kuɗi sun yanke. Ku faɗa wa likita tun bai ƙare ba.
Banda jiƙo da tsimi da maganin ciwon jiki na kemis, sai da izinin likita.
In za a ba ku maganin tarin fuka, ku ce an yi muku dashe, domin rifamfisin na rage ƙarfin maganinku.
Kafin azumi, ku shawarci likita.

In kun ga zazzaɓi, ko haki, ko kumburin ƙafa, ko raguwar fitsari, ko bugun zuciya ya rikice, kada ku jira gobe. Ku garzaya asibitin Shika, ku riƙo katinku da magungunanku.

Dashen nan amana ce, wani ne ya ba ku. Allah ya ƙara lafiya, amin.