Lambar 21,780 Da Abin Da Ke Cikinta



Babu malamin firamare a jihar Kaduna da bai san lambar 21,780 ba. Ita ce adadin malaman da gwamnatin jiha ta bayyana a 2017 cewa sun faɗi jarrabawar gwaji, daga cikin 33,000 da aka ce sun zauna mata. Mun daɗe muna jin ta da fargaba. Yau bari mu ɗora ta a kan allo, mu feɗe ta kamar yadda muke koya wa ɗalibanmu.

Ƙarshenta sifiri ne, saboda haka cika ce ba mara ba, kuma tana rabuwa da 10. Alƙalumanta, wato 2 da 1 da 7 da 8 da 0, sun tashi 18, alamar tana rabuwa da 9. Idan muka ci gaba da rabawa har muka isa ga lambobin asali, waɗanda ba sa rabuwa sai da 1 da kansu, za mu samu 2 × 2 × 3 × 3 × 5 × 11 × 11. Daga nan muke gane cewa lambobi 54 ne ke raba ta ba saura. In aka tara su duka, ban da ita kanta, sun kai 50,838, fiye da ninkinta biyu. Irin wannan masana ke kira lamba mai yalwa. Ga kuma abin da zai faranta ran 'yan aji shida: a cire sifirin, a ninka 2178 sau 4, sai a samu 8712, alƙaluman nan dai sun juyo da baya.

To, me ya kawo 11 har sau biyu? Amsar ita ce 21,780 daidai take da 330 sau 66, kuma kowannensu na ɗauke da 11. Wato kashi 66 cikin 100 ne na 33,000 cif, ko mutum ɗaya bai ƙaru ko ya ragu ba. Duk mai lissafi ya san ƙidayar mutane ba kasafai take faɗawa haka ba. Ba hukunci muka yanke ba, tambaya ce lambar ta ba mu damar yi, kuma matambayi ba ya ɓata.

Wannan shi ne dalilin da ya sa kada mu tsallake darasin rabawa don sauri. Yaron da ya iya warware babbar lamba, gobe idan aka karanta masa alƙaluman kasafi ko na albashi, zai ɗauki alƙalami ya duba da kansa.

Allah Ya ba mu ikon sauke nauyin da ke kanmu.